Daga Bakin Ruwan Yauri Zuwa Kasuwannin Ƙetare: Wayar Hannu da Amanar Ɗan Kasuwa

 

Shugaban wannan zama, iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Sarakunan ruwa da na kasuwa, iyayenmu mata masu banda da masu man kaɗe, manoman albasa da shinkafa, 'yan'uwana matasa da kuka zo daga Yelwa da Bin Yauri da Wara da Ngaski da Shanga da tungayen bakin ruwa.

An nemi in yi magana a kan yadda intanet da wayar hannu za su taimaki ɗan kasuwarmu ya kai hajarsa ƙasashen waje. Zan faɗi inda na dosa tun daga farko, don kowa ya bi ni da natsuwa. Waya tana gajarta tafiya, tana kawo labari, tana kawo kuɗi. Amma abin da ke ƙetare iyaka ya dawo da riba shi ne amana, kuma aikin da ke gabanmu shi ne mu koyi yadda ake nuna amana ga mutumin da bai taɓa ganinmu ba.

Kasuwancin ƙetare a ƙasar Yauri

Yauri ta daɗe da sanin baƙin 'yan kasuwa. Tun ƙarnoni da suka wuce, ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayo goro suna ratsa wannan ƙasa, su haye Kwara, su bi ta Nikki da Jugu a ƙasar Benin ta yau, har su isa Salaga a arewacin Ghana. Suna tafiya da kanwa da tufafi da fatu, har da gabu, busasshen ganyen albasa, su komo da goro. A shekarar 1830 wasu Turawa biyu 'yan gida ɗaya, Richard da John Lander, sun sauka a Yauri suna neman takardun Mungo Park, Baturen da ya riga su bin Kwara, suka tarar da birni mai ganuwa da kasuwa mai ci.

Abin da ya riƙe wancan fatauci tsari ne na mutane. Akwai madugu da ya san hanya da sarakunan da ke bisa hanya. Akwai fatoma, mai masaukin baƙi, wanda ke adana kayan baƙo, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa idan aka ba da bashi. Akwai dillali da ke cin la'ada don ya san farashi, ya kuma san waye mai biya, waye mai taurin bashi. Bafatake yakan bar dukiyarsa a hannun fatoma a garin da ba nasa ba, saboda ya san idan fatoma ya ci amana sau ɗaya, labari zai bi zango-zango, gidansa ya mutu.

Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungaye da garuruwa, aka sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni. Gungawa da Kambari da Shangawa da Lopawa da sauran jama'a suka rasa tsofaffin gonaki da kufayi, amma tafkin ya buɗe wata sabuwar sana'a. Sarkawa da masunta daga wurare masu nisa suka kwararo, kifin Yauri ya yi suna har kudancin ƙasar nan, albasar da ake nomawa a bakin ruwa idan ya janye ta ci gaba da cika manyan motoci. Haja dai muna da ita. Abin da ya daɗe yana cin mu shi ne wanda ya kama kifin ko ya noma albasar bai san nawa ake sayar da ita a inda ta sauka ba.

Aikin waya na farko: sanin farashi

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. A daidai wannan lokaci wani masanin tattalin arziki, Robert Jensen, yana bibiyar masuntan Kerala a kudancin Indiya, tsakanin 1997 da 2001. Kafin waya ta iso musu, masunci yakan kai kifinsa gaɓar garinsu ko da kasuwar ta cika, har a riƙa zubar da kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari na abin da aka kamo. Da suka fara buga waya tun suna cikin ruwa suna tambayar inda kifi ke tsada, asarar ta kusan ɓacewa, ribar masunta ta ƙaru da kimanin kashi 8 cikin ɗari, farashin da mai saye ke biya kuma ya sauka da kimanin kashi 4. A maƙwabciyarmu Nijar, Jenny Aker ta yi irin wannan bincike a kasuwannin hatsi tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari bayan shigowar waya.

Waɗannan mutane ba su yi amfani da wata babbar na'ura ba. Ƙaramar waya ce da tambaya ɗaya: yau nawa ne a wurinku? Don haka matakin farko shi ne kowace ƙungiyar 'yan albasa ko 'yan kifi ta samu amintaccen mutum a Malanbil da Faraku da Kwatano, da Kumasi, da Adjen Kotoku inda aka mayar da 'yan albasar Akara a 2021. A kafa zaure ɗaya a WhatsApp wanda ba a saka komai cikinsa sai farashi: buhu nawa, wane iri, motoci nawa suka sauka, nawa sefa da sidi suke a kan naira. Wanda bai iya karatu ba ya aiko da murya. A kuma samu yaro ɗaya da zai riƙa rubuta waɗannan farashi a littafi kowane mako. Bayan shekara guda, littafin nan zai gaya muku watan da albasar Galmi ta Nijar ke cika kasuwar Ghana, da watan da take yankewa, wato lokacin da ya kamata a buɗe rudu a yi lodi.

Aikin waya na biyu: nuna haja

Hausawa suna ƙin cinikin biri a sama, kuma duk cinikin intanet da haka yake farawa. Mai saye a Kumasi ko Landan bai taɓa kifinki ba, Hajiya, bai sansana shi ba. Sai kin yi masa abin da idonsa da hannunsa za su yi da yana tsaye a gabanki.

Bari in kwatanta yadda ake yi. Da hantsi, lokacin da haske ya yi kyau, a shimfiɗa tsabtatacciyar leda a kan tebur, ba a ƙasa ba. A juye kwalin kifi gaba ɗaya a gaban kyamara, don a ga na ƙasa kamar yadda aka ga na sama. A ɗauki ɗaya a karya shi biyu, a matso da shi kusa, a ga cikinsa ya bushe, ba danshi, ba ƙwaro, ba fumfuna. A ɗora kwalin a kan sikeli, a nuna lambar da ta fito. Mai magana ya faɗi ranar da aka kama, ranar da aka sauke daga banda, da irin kifin: tarwaɗa ce, ko kurungu, ko bargi, ko giwan ruwa. Kada a yanke bidiyon, kada a sa masa kiɗa. Minti biyu sun isa. Haka ma albasa: a zazzage buhu, a ware manya da matsakaita da ƙanana, a yanka ɗaya a nuna wuyanta ya bushe.

Manhajar WhatsApp Business, wadda aka fitar a 2018 kuma kyauta ce, tana ba ɗan kasuwa damar jera hajarsa da hoto da farashi da adireshi. Facebook da TikTok da Instagram suna kai hoton ga wanda bai san da kai ba. Sai dai ku lura, a can waje ba a san mudu da tiya da kwando ba, kilo aka sani. Duk wanda ke son cinikin ƙetare ya sayi sikeli kafin ya sayi babbar waya. In kuma za ku yi magana da mai jin Faransanci, manhajojin fassara suna taimakawa, amma farashi da nauyi da rana a rubuta su da lambobi, a kuma sa mai saye ya maimaita su.

Malamanmu suna nan, su ne shaida: shari'a ta halatta cinikin salam, inda ake biyan kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, bisa sharaɗin a san siffar kayan, a san awonsu, a san ranar bayarwa. Waɗannan sharuɗɗa uku su ne dai abin da kamfanin Turai zai rubuta a takardar yarjejeniya. Wanda ya kiyaye su ya tsira a wurin Allah, ya kuma riƙe mai sayensa.

Abin da waya ba ta iya ɓoyewa

Nan ne nake so mu daɗe, don nan ne aka fi yin asara. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an sami maganin ƙwari mai suna dikulobos a cikinsa fiye da ƙima. Wannan sinadari shi ne ke cikin fiya-fiya da irin magungunan da wasu ke yayyafa wa busasshen kifi don kada ƙwaro ya ci. Laifin wasu ƙalilan ne, amma ƙofar ta rufe wa ƙasa baki ɗaya. Daga watan Maris na 2018 kuma Amurka ta dakatar da shigar da kifin dangin tarwaɗa daga Nijeriya, saboda hukumomin ƙasarmu ba su cika sharuɗɗan binciken lafiyar abinci da ta gindaya ba. Tarwaɗa da ramboshi da kurungu duk suna cikin wannan dangi. Saboda haka idan wani ya turo maka saƙo daga can yana son kwali goma na tarwaɗa, bincika matsayin dokar a ranar kafin ka karɓi sisinsa.

Turai kuma tana auna yawan sinadarin hayaƙi da ke maƙale wa kifi. Kifin da aka banda da wuta tana lasarsa, ko aka hura da roba da leda, ko ya yi baƙi ƙirin, ba ya wucewa. Maganin wannan yana kusa da mu. A Sabuwar Busa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, NIFFR, wadda ta daɗe tana aiki a kan ingantattun murhunan banda. Ya kamata ƙungiyoyin matanmu su je can a ƙungiyance su nemi horo. Gishiri, da busarwa sosai, da leda mai kauri da aka liƙe bakinta sun fi kowane irin guba tsare kifi.

Kuma kada mu manta da ruwan kansa. A shekarun 1990, aikin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus a kan tafkin Kainji ya ja hankali ga ɓarnar da dala ke yi, taru mai ƙananan ido da ake ja don warangi amma yake kwashe 'ya'yan manyan kifaye. Idan kasuwa ta buɗe muka bi ta da haɗama, za mu sami masu saye a lokacin da kifin ya ƙare. Sarakunan ruwa, wannan amana a wuyanku take.

Ga iyayenmu mata masu kaɗanya: a watan Agusta na 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗanya, da nufin a riƙa sarrafa shi a gida. Matakin ya taɓa aljihun masu tsinta, amma ya nuna inda kuɗin yake, wato a man kaɗe mai tsabta. Masu haɗa man shafawa da sabulu a ƙasashen waje suna nemansa, kuma ba ya ruɓewa a hanya kamar albasa. Mace tana cikin gidanta, da waya da sikeli da mazubi mai murfi, za ta iya cinikin da a da sai ta ɗora wa yarinya talla.

Takardu da kuɗi

Da yawa daga cikinmu muna jin tsoron takarda, alhali yanzu mafi yawanta daga waya ko shagon kwamfuta ake cikewa. Ga jerin yadda take. Da farko a yi wa kamfani ko ƙungiyar gama-kai rajista da hukumar CAC. Sannan a nemi shaidar mai fitar da kaya daga hukumar NEPC, wadda aka kafa tun 1976 domin wannan aiki. A buɗe asusun kuɗin waje a banki. Kowane lodi ana cike masa fom ɗin NXP ta intanet, ta hannun bankinka. Kayan gona suna bukatar shaidar lafiya daga hukumar NAQS, abincin da aka sarrafa aka ƙunshe kuma yana bukatar NAFDAC. Dokar Babban Banki ita ce kuɗin kayan su dawo gida cikin kwana 180.

Kayan gona da ba a sarrafa ba suna da damar ratsa ƙasashen ECOWAS ba tare da harajin kwastan ba, ƙarƙashin tsarin sassaucin ciniki na ƙungiyar. Sai dai Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025, kuma mun ga yadda aka rufe iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023. Don haka kafin mota ta tashi zuwa Kamba ko Tsamiya, a buga waya a ji halin da iyakar ke ciki a ranar. Akwai kuma yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, wadda Nijeriya ta sa wa hannu a Yamai a watan Yuli na 2019, aka buɗe ciniki ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairu 2021. A Janairu 2022 aka ƙaddamar da tsarin biyan kuɗi na PAPSS a Akara, wanda ke ba mai saye a Ghana damar biya da sidi, kai kuma naira ta shigo maka. Ku tambayi bankunanku ko sun shiga.

A kan kuɗi ina da gargaɗi uku. Kada ka saki kaya don an turo maka hoton rasit ko saƙon shigar kuɗi; buɗe asusunka da kanka ka gani. Kada ka ba kowa lambar sirrinka ko lambar da banki ko WhatsApp suka turo maka, ko da ya ce daga ofishinsu yake. Kuma duk baƙon da ya yi maka tayin ciniki mai tsoka sannan ya ce ka fara biyan kuɗin rajista ko na lauya, ɗan damfara ne. Da sabon mai saye a fara da kaɗan, ya ba da kafin alƙalami, a cika sauran idan ya ga takardar lodi. Idan mai sayen da ka sani ya turo sabuwar lambar asusu ko sabuwar lambar waya, kira shi ta bidiyo ka ga fuskarsa.

Ta ina za a fara

Idan aka ce ƙasar waje, hankalin matasa yakan tafi Dubai da Landan. Ni shawarata a fara da kusa. Benin da Togo da Ghana ƙasashen waje ne, mota tana zuwa, suna cin abin da muke nomawa, kuma a kowane zango akwai mai jin Hausa. Bayan su sai 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya da Ingila da sauran wurare, masu kewar abincin gida, waɗanda ake aika wa ƙananan ƙunshi ta hannun kamfanonin jigila masu lasisi. Manyan kamfanoni masu sayen kwantena su ne na ƙarshe, don abin da suke so shi ne kaya iri ɗaya, nauyi ɗaya, kowane wata, ba fashi.

Wannan kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiya ce za ta iya sayen murhu na zamani, da sikeli, da injin liƙe leda, da faifan sola don caji, ta riƙe rajista ɗaya da suna ɗaya. Ita ce kuma za ta iya hukunta ɗanta da ya yi algus, ya sa manya a bakin buhu ya cusa ruɓaɓɓu a gindi. A intanet hoton ruɓaɓɓen buhu ɗaya yana zaga zaurukan 'yan kasuwa cikin yini guda, kuma ba sunan mai buhun za a kira ba, cewa za a yi kayan Yauri ne.

Matasa, gurbin fatoma da dillali yana nan a buɗe, ku ne za ku cike shi. Dattijo ya san kifi, ya san albasa, ya san mutane. Kai ka san waya, ka iya rubutu. Ka zauna kusa da shi, ka ɗauki hoto, ka riƙe lissafi, ka cike fom, ka ci la'adarka ta halal da aka yanka tun farko a gaban shaidu. Kada ka ɓoye masa farashin da aka saya, kada ka karɓi kuɗinsa a asusunka na kanka. Ku kuma iyayenmu, ku ba su dama, har da 'ya'ya mata da suka yi karatu.

Kira ga hukuma

Akwai abin da ɗan kasuwa ba zai iya yi wa kansa ba. Tungaye da yawa a bakin tafkin nan sai an hau tudu ake samun sabis. Muna roƙon gwamnatin jiha da kamfanonin sadarwa su kai turaku yankunan ruwa, domin waya a nan kayan ciniki ce, kuma kayan ceton rai ce idan jirgi ya sami matsala. Muna roƙon a kula da hanyar Kontagora zuwa Yauri zuwa Koko da Jega, a rage shingayen karɓar kuɗi, a tsare rayukan masu bin ta. Muna roƙon a samar da wurin gwada ingancin kifi da albasa da man kaɗe a kusa, da rumbunan adana albasa, kuma NEPC da NAFDAC su riƙa zuwa Yauri suna bayani da Hausa.

Kammalawa

Abin da nake so kowace ƙungiya ta fita da shi daga nan guda huɗu ne, kuma duk ana iya fara su kafin kaka mai zuwa. A kafa zauren farashi da littafinsa. A sayi sikeli, a koma awo da kilo. A yi rajista, a buɗe asusu da sunan ƙungiya. A yi alkawari a gaban hakimi da sarkin ruwa da liman cewa ba za a ƙara zuba guba a kifi ba, ba za a ƙara yin algus a buhu ba, a kuma yanka hukuncin wanda ya saɓa. Ƙungiyar da ta cika waɗannan, ta nemi mai saye ɗaya a ƙetare, ta cika masa alkawari lodi bayan lodi, shi da kansa zai kawo mata na biyu.

Allah ya sa albarka a ruwanmu da gonakinmu da kasuwanninmu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya tsare matafiyanmu na tudu da na ruwa, ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Yauri.